Yatsana ya lanƙwashe tun Babbar Sallah ya ƙi miƙewa: targaɗe ne ko ciwon Inna na gado?

Telan_Kasuwar_Barci ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina leƙowa ina karanta na wasu ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tawa ta kawo ni.

Ni tela ne, shekarata 41, shagona yana Kasuwar Barci a Tudun Wada, kuma bana shekara 19 ke nan ina riƙe da almakashi. Ranar jajiberin Babbar Sallah na sayo rago a Zango, muka ɗauko shi a Keke Napep. Muna isowa ƙofar gida yara suka yo kansa da ihu, ni kuma igiyar tana naɗe a hannuna na dama. Ragon ya zabura ya fizge ni, na kai hannu zan dafa, yatsana na tsakiya ya daki ƙarfen keken. Na ji wani ɗan ƙas, amma a wannan hayaniyar wa yake ta yatsa. Kafin magariba gaɓar tsakiyar ta kumbura ta yi suntum kamar ɗanyen dabino.

Da daddare na je wurin wani mai ɗori a unguwarmu. Ya taɓa ya ce ba karaya, targaɗe ne. Ya ja yatsan sai da na ga taurari, ya murza, ya shafa mai, ya ɗaure da tsinken kara guda biyu da ƙyalle. Kwana biyar na kwance abina, don kumburin ya fara saɓewa kuma ga ɗinkin wani biki da na karɓi kuɗinsa. Na sayi diklofenak a kemis na ci gaba da aiki.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne a makon farko yatsan yana miƙewa, da ɗan zafi dai. Sai wajen mako na uku na lura gaɓar tsakiya ta fara tanƙwarewa, kullum ƙara yi take. Yanzu mako bakwai ke nan, ga yadda yake: gaɓar tsakiya ta durƙusa ta yi tozo a sama, ita kuma gaɓar kusa da farce ta ɗage baya, kan yatsan yana kallon sama. In na sa ɗaya hannun na danna yana miƙewa, ba duka ba, ina saki ya koma. Da kansa kuwa ko alama.

Zafin ba shi ne damuwata ba. In zan sa hannu a aljihu sai tozon ya maƙale a bakin aljihun. Almakashi in na yanka yadi biyar na shadda sai hannun ya sage. Lomar tuwo ma yanzu ba ta mulmuluwa yadda na saba, maiɗakina har ta fara ajiye min cokali. A masallaci kuwa in wani mai ƙarfin hannu ya matse ni wajen gaisawa sai na cije leɓe.

Ga kuma abin da yake hana ni barci. Mahaifiyata, Inna, tana Rigasa wajen ƙanina. Sama da shekara goma yatsunta na hannu biyun duk sun karkace sun kwanta wajen ƙaramin yatsa, biyu daga ciki ma sun yi irin wannan tozon nawa sak. Da safe ba ta iya jan carbi sai hantsi ya ɗaga. Mu dai sanyi muke ce masa. Da ta ga nawa sai ta yi shiru, can ta ce haka nata ya fara.

Don Allah wanda ya sani: buguwar ce ta jawo, ko ciwonta ne ya biyo ni ragon ya zama sanadi kawai? Kuma bayan mako bakwai akwai sauran gyara, ko in haƙura in koyi yanka da hagu?

Golan_Kawo ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Sannu Malam Tela, Allah ya ba da lafiya. Ni ba ma'aikacin asibiti ba ne, amma na sha makamancin wannan. Ina tsaron gida a ƙungiyar unguwarmu, wata rana ƙwallo ta daki kan yatsana na zobe. Nawa gaɓar ƙarshe ce ta faɗi, kan yatsan ya sunkuya ƙasa kamar kan guduma, sai na ɗaga shi da ɗaya hannun. Likita ya ce jijiyar da ke ɗaga shi ce ta tsinke, aka sa min ɗan takalmin roba a kan yatsan aka ce mako 8 dare da rana, kada gaɓar ta lanƙwasa ko sau ɗaya.

To ni da wayona, duk alwala sai in zare in wanke in mayar. Da na koma bayan mako 3 aka duba, yatsan yana nan jiya i yau. Matar da ke duba ni ta ce duk sanda ya sunkuya, ɗan haɗin da jijiyar ta fara ya rabu, lissafi ya koma farko. Haka na sake ƙirga mako 8 daga ranar. Da na tambayi limaminmu ya yi min faɗa ma, ya ce ai shafa a kan ɗori ya halatta, ka jiƙa hannu ka shafa a kan abin, alwalarka ta yi. Da na yi tambayar tun farko da ban yi asarar mako 3 ba.

Yanzu ya miƙe, saura ɗan sunkuyo kaɗan da sai na nuna maka za ka gani. Naka gaɓar daban ce da tawa, amma ka je a duba. In sun ba ka abin ɗaurewa kada ka yi irin wayona.

Baba_Mai_Goro ya rubuta:

Yaro, ka koma wurin mai ɗorin nan. Kai ne ka kwance a kwana biyar, ba shi ya ce ka kwance ba. Mu da muka taso ba mu san hoton ƙashi ba, ƙafata ta hagu a gida aka ɗora ta ina saurayi, ga ni ina taka ta har yau. Ka riƙa gasa shi da ruwan ɗumi safe da yamma, ka shafa man shanu, ya sake ja maka shi ya ɗaure. Asibiti kana zuwa za su ce aiki.

Mai_Gashin_Ƙashi ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam Tela sannu da jiki. Ni ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ce a nan Kaduna. Ban ga yatsan ba, kuma ba a yanke hukunci a kan hannun da ba a taɓa ba, amma yadda ka zayyana shi kamar ka karanto daga littafinmu.

Sunan abin ma na sana'arku ne. Likitoci suna kiransa butoniya, kalmar Faransanci ce, ma'anarta ƙofar maɓalli. Bari in yi maka bayanin da yaren shago. Jijiyar da ke miƙar da yatsa ta bayan hannu take bi. Tana zuwa gaɓar tsakiya sai ta rabu uku: zare ɗaya a tsakiya wanda ya kama ƙashi na biyu, shi ne mai miƙar da wannan gaɓar, sai zare biyu a gefe da gefe da suke wucewa su haɗe can kusa da farce. In na tsakiyar ya tsinke, na gefen nan biyu suna riƙe aikin na ɗan lokaci. Shi ya sa a makon farko ka ga yana miƙewa ka ɗauka ka warke. A hankali sai su zame su gangaro gefe, kan ƙashin ya ɓullo ta tsakaninsu kamar yadda maɓalli yake ɓullowa ta ƙofarsa. Daga nan duk ƙoƙarin da ka yi na miƙewa, zaren nan biyu ƙara tanƙwara tsakiyar suke yi, suna kuma fizgar kan yatsan baya. Yawanci tsakanin mako 1 zuwa 3 bayan buguwa siffar take fitowa, daidai da lissafinka.

Baba, Allah ya ƙara girma, a gafarce ni zan ɗan saɓa. Wataƙila mai ɗori ya yi gaskiya da ya ce ba karaya, kuma ɗaure yatsan a miƙe da ya yi ba laifi ba ne, da an bar shi haka mako 6 da wataƙila ba mu ji wannan labarin ba. Amma ja da murza ba sa haɗa jijiyar da ta tsinke, ƙara raba bakinta suke yi. Ƙashi daban, jijiya daban. Ruwan ɗumi zai sassauta gaɓar, ba zai dawo da zaren wurinsa ba. Kuma yawancin masu wannan matsalar ba a yi musu aiki.

Ga abin da za ka tarar in ka je. Za a ɗauki hoton yatsan, ta gaba da ta gefe. Hoton ba ya nuna jijiya, ana yin sa ne don a ga ko jijiyar ta ɓantaro ɗan guntun ƙashi da za ta tsinke, ko gaɓar ta goce. Saboda haka in an ce maka hoto lafiya lau, ba yana nufin yatsan lafiya lau ba, mutane da yawa a nan suke komawa gida su zauna. Sannan akwai gwajin da ake yi a bakin tebur: a lanƙwasa gaɓar tsakiyar a gefen teburin, a danne, a ce ka yi ƙoƙarin miƙewa. In jijiyar tsakiyar lafiya take, kan yatsan zai kasance laƙwas. In ta tsinke sai kan ya sandare ya yi tauri.

Maganar da ta fi faranta min rai a rubutunka ita ce in ka danna yana miƙewa. Gaɓar ba ta gama ƙagewa ba ke nan. Abin da aka saba yi shi ne a ɗaure gaɓar tsakiyar kaɗai a miƙe sambal, mako 6 dare da rana, wanda ya makara kamar kai yakan kai 8 ko fiye, bayan nan a ƙara wasu makonni da daddare kawai da lokacin aiki mai nauyi. Gaɓar kusa da farce ba a ɗaure ta. Ita so ake ka riƙa lanƙwasa ta da kanka sau da yawa a yini, domin wannan motsin ne yake jawo zaren gefen nan biyu su hau inda suka zamo. Masu ɗaure yatsa gaba ɗaya da sanda tun daga tushe har farce, wannan ɓangaren suke rasawa. Tunda ka ce ba ya miƙewa duka, mai yiwuwa a fara da ɗan siminti siriri a yatsan, ana canza shi duk mako ana ƙara miƙewa kaɗan kaɗan, sai ya kai sannan a fara ƙirgen makonnin. Aiki sai in akwai yanka da ya datse jijiyar, ko guntun ƙashi babba, ko gaɓar ta goce, ko an yi duk wannan bai yi ba. Kuma ko likitocin hannu ba sa ɗokin yi wa tsohuwar butoniya aiki, don yatsan yakan fito da tauri.

Ba zan ɓoye maka ba, wanda ya zo a makon farko ya fi ka samun sakamako mai kyau. Zai yiwu a ƙare da ɗan tanƙwara kaɗan. Amma tsakanin yatsan da ya rage kaɗan ya miƙe da wanda ya ƙage a durƙushe, a wurin tela akwai tazara. Kowane mako da ka ƙara, gaɓar ƙara ƙagewa take.

Ka je inda akwai likitan ƙashi da sashen gashi a wuri ɗaya. A cikin gari akwai Barau Dikko da Asibitin 44, ga asibitin koyarwa na Shika a Zariya, in abin ya kai ga aikin hannu kuma akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano. Diklofenak ɗin nan ka daina shan sa kullum, yana cin ciki yana taɓa ƙoda, kuma ba ya gyara komai a nan.

Batun Inna kuma. Siffar ɗaya ce amma hanyar daban. Kai rana ɗaya, yatsa ɗaya, bugu ɗaya. Ita hannu biyu, yatsu da yawa, taurin safe mai daɗewa. Wannan ya fi kama da amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki take juyowa ta far wa rufin gaɓa, kumburin shekara da shekaru ya cinye jijiyar a hankali har ta saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ne ke da shi a 2019, kusan kashi 70 cikin 100 mata. Yana ɗan bin dangi, amma ba dole ɗa ya gada ba, kuma shan taba yana ƙara haɗarinsa, in kana sha. Rago ba ya tayar da shi. In wata rana ka wayi gari gaɓoɓin hannu biyu sun kumbura sun yi tauri fiye da rabin awa, makonni a jere, wannan wata maganar ce, sai a yi gwajin jini.

Maman_Ilham_U/Rimi ta rubuta:

Yaya Tela sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ba don yatsanka na shigo ba, Anti ta gama da wannan. Maganar Inna ce ta tsaya min a rai, don ciwonta nake da shi.

Nawa ya fara bayan haihuwata ta uku, ina da shekara 33. Da asuba in tashi in kasa murɗa murfin fulas, in kasa ɓalle maɓallin rigar makarantar yara. Aka ce sanyin jego ne, aka ce ruwan sanyi nake taɓawa, wata ma ta ce jifa ne. Shekara biyu ina shan haɗin da wani mai kemis yake ƙulla min a leda, ƙwaya huɗu ko biyar ba suna. Ina sha in ji garau kamar an cire ƙaya. Fuskata ta yi fam ta zama zagaye, mutane suna ce min hutu ya karɓe ni. Ashe akwai firedinisolon a ciki, wani maganin kumburi mai ƙarfi. Sai da sukarina ya hau aka gano. Kuma duk tsawon lokacin nan ciwon yana ta cin gaɓoɓin a ɓoye, zafin kawai aka rufe min.

A Shika aka yi min gwajin jini da hoton hannu aka faɗa min sunan ciwon. Aka ɗora ni a kan metotireksat. Don Allah duk wanda zai kai tsohuwarsa ya riƙe wannan: sau ɗaya ake shan sa a MAKO, ba kullum ba. Ni ranar Juma'a nake sha don kada in manta, folik asid kuma a wata ranar daban. Wanda ya sha shi kullum bisa kuskure zai iya rasa ransa. Ana duba jini da hanta lokaci lokaci, mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa, kuma ba ya aiki nan take, ni sai da na yi wajen wata biyu kafin na ji bambanci. Haɗin kemis ɗin ma ba su bari na yanke shi rana ɗaya ba, a hankali aka janye, sun ce yanke shi farat ɗaya yana da haɗari. In Inna tana shan irin wannan ƙullin, ku tafi da ledar gaba ɗaya a gani.

Yatsuna biyu da suka riga suka karkace ba su dawo ba. Ɗaya ya yi akasin naka, tsakiyar ta lotsa ciki kan ya sunkuya, wanda suke kwatantawa da wuyan agwagwa. Akwai ɗan zobe mai kama da lamba 8 da nake sa masa ya hana shi lotsawa, da shi nake iya riƙe allura. Amma sauran takwas ɗin sun tsira, kuma yanzu ina tashi in dama kunu da kaina. Na Inna da suka shekara goma ba za su miƙe ba, kada a yi mata alkawarin haka. Abin da za a samu shi ne kumburin ya lafa, safiyarta ta yi sauƙi, abin da ya rage kada ya lalace. Ko iya jan carbinta bayan asuba aka dawo mata da shi ai an yi wani abu.

Kuma ku daina ce mata sanyi ne kawai. Mu mata an daɗe ana rufe mu da wannan kalmar.

Baba_Mai_Goro ya rubuta:

To, 'yata mai gashi, na ji bayaninki, ban san jijiyar kashi uku ba ce. Allah ya yi albarka. Amma man shanun dai ba zai cutar da shi ba.

Telan_Kasuwar_Barci ya rubuta:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana tara ne don ina so in dawo da labari ba da alkawari ba.

Na je ranar Talata. An ɗauki hoto, ba karaya, ba guntun ƙashi. Likitan ya kai hannuna bakin tebur ya yi gwajin nan da Anti ta faɗa, kan yatsan ya sandare kamar ƙusa, ni da kaina na gani. Da ya ce butoniya na ce masa ƙofar maɓalli, ya ɗago ya dube ni ya ce wa ya gaya min. Na ce ai sana'ata ce.

Da aka danna an ce saura kaɗan ya miƙe duka, don haka an sa min ɗan siminti daga tushen yatsan zuwa ƙasa da gaɓar farce, zan koma ranar Talata mai zuwa a canza. Kan yatsan a waje yake, an ce in riƙa lanƙwasa shi sau goma duk awa in ina farke. Da farko ko motsi ba ya yi, jiya ya fara ɗan sunkuyawa. Ina yi ina taka keke, abokan ciniki suna zaton lazimi nake. Gola, na ji maganarka, shafa nake yi a kai, in zan yi wanka kuma in sa leda in ɗaure da roba.

Yanka ne dai ya gagara. Babban yarona na shago shi ke riƙe almakashi yanzu, ni in zana da alli in tsaya a kansa. Shekaranjiya ya cinye min rabin yadi na wata shadda mai tsada a wajen hammata, na buɗe baki zan yi faɗa na tuna ni ma haka na yi wa maigidana. Baba, man shanun yana nan, sai an cire simintin.

Maman Ilham, na kira ƙanina na karanta masa rubutunki. Ya duba ƙarƙashin filon Inna ya samo ƙullin leda har uku, ƙwayoyi farare da ruwan ɗorawa, ba suna ko ɗaya. Ta ce shekara huɗu tana sha. Mun bar mata ba mu hana ba kamar yadda kika ce, mun dai ɗauki ɗaya za mu tafi da shi. Ita ce ma ke jan ƙafa, wai tsufa ne ba a kai shi asibiti. Don Allah wace rana ce ake ganin masu ciwon gaɓɓai a Shika, kuma sai da takardar turawa daga wani asibitin ko za mu iya zuwa kai tsaye? In da sammako ne sai mu kwana da ita a Tudun Wada mu kama motar Zariya a Kawo da asuba, don safiya ita ce lokacin da ba ta iya ko riƙe ƙofar mota.